Kazar Ɗorin Manu

Tun zamanin mahaifina Fulanin gidan Cindo suke sauka a gonarmu ta yamma da Ɗanzomo. Da an kwashe amfanin gona sai ka ga sun iso da shanunsu, su kafa bukkoki a gindin gawo, shanu su ci kara su bar mana taki. Mu Mangawa ne, kuma kowa a ƙasar Gumel ya san abin da ke tsakanin Bamange da Bafillace, wasa ne tun na kakanni. In na hango Cindo sai in ce ga bawana ya zo gaisuwa, shi kuma ya ce in tashi in kawo wa ubangidana ruwa. A haka muka yi furfura. Ba na iya tuna ranar da muka zauna zance bai ƙare da tsiya ba.

Manu shi ne ɗansa na fari. Kun dai san Fulani da ɗan fari. Cindo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in zai sa shi aiki sai ya juya baya ya faɗa wa iska, shi kuma ya tsinta. Amma garken nan kaf a hannun Manu yake. Shi ke tatsa, shi ke kiwo, shi ke shayarwa. Siriri ne, ba ya magana sai ta kama, ya yi aure bai daɗe ba. Bappa Dogo yake kirana, kuma ni kaɗai nake iya sa shi dariya.

Shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira, daminar da ta gabata ta yi mana rowa, bazara kuma ta zo da fushi. Ruwan rijiyar bakin gari ya gudu can ƙasa, sai da takarkari ake jan wasaki, babban gugan nan na fata. A ɗaura wa takarkarin igiya a kora shi ya yi nisa, wasakin ya taso, wanda ke bakin rijiya ya tarbe shi ya juye a kwamin da shanu ke sha. Ranar da abin ya faru Manu ne a bakin rijiya, da hantsi. Wasaki ya taso, ya miƙa hannun dama ya kama, igiyar ta yi masa zobe a hannu. Daidai lokacin wani raƙumi ya yi gurnani a bayan takarkarin, ya zabura ya fizga. Ina gefe ina shayar da jakina na ji ƙarar, kamar an karya busasshen itace. Igiyar ce ta maka hannun da gungumen bakin rijiya.

Da na iso yana zaune a ƙasa, ya tallabe hannun da na hagu. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba. Tsinin ƙashi ya huda fata ya leƙo, duk ya shafi taɓon bakin rijiya da kashin shanu. Ko uhum Manu bai ce ba, gumi kawai yake yi. Abin da ya fara gaya mini shi ne a kula kada shanu su tattake kwamin.

Na tuɓe rigata na rufe wurin, muka kwantar da hannun a kan kara muka kai shi ruga a hankali. Na ce wa Cindo wannan karayar ta asibiti ce, tunda ƙashi ya fito waje ya sha ƙasa. Ya ce Bamange ya ga jini ya rikice, a ba ni nono in sha hankalina ya dawo. Mutane suka yi dariya, aka aika a kira Ɗantsoho mai ɗori.

Ba zan zalunci Ɗantsoho ba. Gadon ɗori ya yi, kuma wannan ƙafar tawa da nake takawa shi ya ɗora ta lokacin da na faɗo daga kan rumbu, ko ɗingishi ba na yi. Sai dai tawa karayar a rufe take, fata ba ta tsage ba. Shi kuwa Ɗantsoho a wajensa karaya karaya ce. Ya sa ƙarti biyu suka danne Manu, ya yi tofi, ya ja hannun har tsinin ƙashin ya koma ciki da duk abin da ya kwaso. Ya shafa man shanu da wani baƙin garin magani, ya kawo karare da ya saƙa kamar asabari ya naɗe hannun, ya bi da igiyar rama. Ya ja, ya sake ja, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ɗori ba ya kamawa sai an tamke.

Sannan ya ce a kawo kaza. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamaki, amma haka ake yi a wajenmu. Mai ɗori ya karya ƙafar kaza da hannunsa, ya ɗora ta da tsinkaye da ragowar maganin, a ajiye ta kusa da mai karaya. Yadda ƙafarta ta yi, haka ƙashin mutum zai yi, ran da ta taka kuwa ɗori ya kama. Rabi'atu matar Manu ta kamo budurwar kazarta wake-wake ta miƙa. Kazar ta yi kururuwar da Manu bai yi ba.

Ɗantsoho ya wanke hannu, ya ce ana jiransa a Maigatari, daga can kuma zai ƙetara ƙasar Damagaram wajen wani mai karayar cinya. Kafin ya hau jakinsa ya juyo ya ce, "Duk wanda ya kwance ɗorin nan ba ni ba, abin da ya biyo baya nasa ne. Ku dai ku duba kaza."

To, suka duba kaza.

Wallahi ban taɓa ganin kazar da ta ji daɗin duniya irin wannan ba. A shekarar da mutane ke auna gero da tafin hannu, ita ana watsa mata safe da yamma. Aka kifa mata kwando a inuwar bukkar Manu, aka ajiye mata ruwa a kasko. Cindo ba zai iya shiga ɗakin ɗansa ba, ba zai iya tambayar jikinsa ba, kunya ta hana. Amma kaza ai ba 'yarsa ba ce. Kullum da safe sai ya zo ya tsuguna a gaban kwandon, ya daɗe yana leƙe, sannan ya tambayi Rabi'atu, ba tare da ya dube ta ba, yadda kazar ta kwana. Ita kuma yarinyar ba ta isa ta buɗe baki ta yi wa surukinta zancen jikin mijinta ba. Abin da aka tambaye ta shi take amsawa, kuma gaskiya take faɗa: ta kwana lafiya, ta ci, ta sha. Sai Cindo ya yi hamdala ya tashi ya bi shanu da sandarsa, hankalinsa kwance.

Ni ba ni da kunyar kowa a rugar nan, saboda haka ina shiga. Ranar da ta biyo baya na tarar 'yan yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, sun fito daga ƙarshen kararen suntum-suntum. Na taɓa su, sanyi, alhali bukkar kamar tanda. Na tambayi Manu, ya ce da sauƙi. Leɓensa na ƙasa duk ya farfashe da cizo, amma da sauƙi. Na ce bari in ɗan sassauta igiyar ko kaɗan ne, jini ya samu hanya. Ya janye jikinsa ya ce Ɗantsoho ya hana, kuma kada in ja wa kaina.

Na fita na sami Cindo a gindin gawo da 'yan uwansa. Na ce masa yatsun nan ba su yi mini ba, farcen ya fara komawa toka-toka, a kai yaron nan Gumel. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yaushe aka naɗa Bamange likita ba a gayyace shi ba, ya ce in fara warkar da gyambon bayan jakina tukuna. Aka fashe da dariya. Na rantse da Allah ba wasa nake ba, suka ƙara dariya, don rantsuwar ma ai tana cikin wasanmu. Na sha rantse masa cewa kakana ne ya sayi kakansa da ƙwaryar dusa. Ranar na ji haushin bakina, na ji haushin kakannin da suka ƙulla wannan wasa.

Kwana biyu bayan nan Rabi'atu ta kawo nono gidana. Ta tsuguna a gaban matata Kyauta tana aunawa, idonta a cikin ƙwarya, ta riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar da nonon take yi. Ta ce ba ya kwanciya, a zaune yake kwana. Ta ce gefen tabarmar duk ya cinye shi da haƙora. Jikinsa ba ya taɓuwa don zafi. Ta ce kajiji take turarawa a ɗakin yanzu, safe da rana, don kada masu zuwa sannu su ji. Kyauta ta tambaye ta su ji me, sai ta rufe ƙwarya da faifai ta tashi. Da Kyauta ta gaya mini, tuwon da ke gabana ban ƙara kai loma ba.

Na koma na sake faɗa wa Cindo. Wannan karon bai ma yi mini tsiya ba, hannuna ya kama ya kai ni gaban kwandon, ya ɗaga. Kazar tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta ɗan sauke ɗayar tana taɓa ƙasa da ita tana ɗagewa. Ya ce in duba da idona. Fuskarsa cike da murna, irin murnar da ba ya iya nuna wa ɗan nasa.

Ran da kazar ta taka, Cindo da kansa ya zo ƙofar gidana da sassafe yana kwaɗa sallama, yana kiran likitan Mangawa ya fito ya ga aikin manya. Ya ce kaza ta fita daga kwando tana tono a bayan bukka. Ya ce kuma albishirina, an ce ciwon ya daina tun jiya, har barci an yi. Ya faɗa ne kamar labarin wani baƙo. Ni kuwa da na ji an ce ciwon ya daina, gabana ya faɗi. Ban san dalili ba a lokacin, jikina ne kawai ya ba ni.

Na tarar da rugar ana ta barka. Ga kazar can tana ɗingisawa tana tsattsagar ƙasa, mata na nuna ta. Na sunkuya na shiga bukkar. Hayaƙin kajiji ya cika ta, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari, wanda duk wanda ya wuce ta inda saniya ta faɗi a shekarar nan ya san shi. Ƙudaje sun yi layi a kan kararen. Yatsun sun yi baƙi, kumburin ya haye gwiwar hannu ya nufi kafaɗa, fatar wurin ta yi ƙuraje masu ruwa. Manu ya yi mini murmushi, idonsa jajur, ya ce Bappa Dogo yau kam da sauƙi da gaske.

Dattawa biyu suna zaune a bakin ƙofa. Na ce wa Manu ya dubi can waje ya gaya mini wace saniya ce ke kuka. Yana juyawa na zaro ƙayar aduwa daga hulata na soka masa a babban yatsa, na nutsa ta sosai. Bai motsa ba. Jini ma bai fito ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyaɗa kai da alfahari ya ce ai Bafillace ne, ko wuƙa aka sa masa ba zai nuna ba.

Amma Manu ya juyo, ya ga ƙayar tsaye a yatsansa. Ya dube ta, ya dube ni. Tun yana rarrafe na san shi, ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. A hankali ya ce, "Yaushe ka sa ta, Bappa?"

Na fito. Cindo yana tsaye nesa da bukkar yana jiran in faɗi abin da zai rama. Na ce, "Malam Cindo, ka tattara shanunka ka bar mini gonata yau. Ba za a ɗauki gawa a gonar ubana ba."

Ya yi dariya, amma shi kaɗai, don wasu sun ga fuskata. Ya tsaya yana jiran ƙarshen wasan. Na wuce wajen dangwali, igiyar nan da suke jera maruƙa a kanta, wadda baƙo ba ya ko tsallakawa. Na kama turken na jijjiga na tumɓuke shi na jefar. Maruƙa suka watse. Wata tsohuwa ta dafe kai tana salati. Tun zamanin iyayenmu ba a taɓa yin haka tsakanin gidanmu da nasu ba, kuma na san abin da na yi. Na nufi turke na biyu.

A nan Cindo ya daina dariya. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya ya taka zuwa bukkar ɗansa, abin da ba a taɓa gani ba. Bai shiga ba. A bakin ƙofa ya tsaya, dattawan suka matsa masa. Iska ta kaɗo hayaƙin ta kaɗo abin da ke ƙarƙashinsa. Na ga bayansa ya sandare. Bai juyo ba ya ce in kawo amalankena.

A kan amalanke na sa wuƙa na yanke igiyar ramar, ba wanda ya hana ni, ba wanda ya ambaci Ɗantsoho. Na yi ta duban yatsun ko za su sauya, ba su sauya ba. Shanuna suna tafiya cikin rairayi kamar ba sa so, rana ta take, Manu ya fara surutai yana kiran sunayen shanun da suka mutu tun farkon fari. Rabi'atu na yi masa fifita da faifai. Cindo ya ƙi hawa, a ƙasa ya bi mu da sandarsa a kafaɗa har Sule Tankarkar. A can muka samu motar 'yan kasuwa mai zuwa Gumel. Da muka shiga mutane suka riƙa jan mayafi suna rufe hanci, suka matsa suka bar mana wuri mai faɗi. Ba wanda ya tambaye mu abin da ya same shi.

A asibitin Gumel suka sa almakashi suka ɓare kararen. Ba zan gaya muku abin da na gani ba. Rabi'atu aka fitar da ita waje.

Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira mu gefe, ni da Cindo, ya yi magana a hankali. Ya ce duk karayar da ƙashi ya huda fata, a rufe ta da tsumma mai tsabta, a tallabe ta da itace ba tare da an tamke ba, kada a tura ƙashin ciki, a kawo mutum a ranar. Ya ce ko fata ba ta tsage ba, in aka ɗaure aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, ko mutum ya daina jin su, a sassauta a garzayo. Ya ce ciwon da ya daina ba sauƙi ba ne, naman ne ya mutu. Yanzu ruɓar tana hawa, in ta kai ƙirji ba abin da za su iya. Ko hannun ko ran, kuma yau.

Cindo ya tsura wa bango ido. Na zaci zai ce in amsa a madadinsa, na ma buɗe baki. Sai ya ce, "A ɗauki hannun. A bar mini sauran."

Manu ya rayu. Ya daɗe a kwance, ya fito da hannun riga ɗaya a naɗe, amma ya rayu. Sai dai a wannan yammacin ba mu san haka ba, muna zaune ne kawai a gindin darbejiyar asibiti. Bayan la'asar wani ma'aikaci ya fito ya ce an gama, Manu yana numfashi, sauran sai abin da Allah ya yi. Ya ce hannun kuma, su binne a nan ko za mu karɓa.

Cindo ya miƙe ya ce za mu karɓa. Aka kawo shi a naɗe cikin farin ƙyalle. Na miƙa hannu in ɗauka ya ture ni. Ya warware rawaninsa, kansa ya fito fari fat a gaban jama'a, ya ƙara naɗe shi da kyau ya rungume a ƙirji. Na ari fartanya a wani gida, muka nufi maƙabartar bayan gari. A hanya muka tambayi wani malami ko ana yi masa salla, ya ce a'a, a dai binne shi da mutunci.

Ni na haƙa ramin a gefe, kusa da shinge. Da na gama na ce ya kawo. Bai kawo ba. Ya zauna a kan ƙasar da na tono, abin yana kan cinyarsa, yana shafa shi ta saman rawanin, daga gwiwa zuwa tafi, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Rana tana ta yin ƙasa. Na tsaya da fartanya a hannu, na kasa ce masa ya yi sauri.

Can ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Ya ce, "Dogo, ashe hannun yaron nan ya fi nawa girma. Ban sani ba."